Kwasa-kwasan share fage na shiga makarantar PA a Amurka: komuniti kwalej, jami'a ko onlayin?

Salam 'yan uwa. Tambayar nan ta kwasa-kwasan da ake buƙata kafin a shiga makarantar PA ta yi min yawa, kusan duk sati sai wani ya kira ko ya turo saƙo, wani ƙanin aboki, wata 'yar ƙawar matata, wani ma likita ne daga gida ya zo yana neman mafita, kuma kullum amsar da nake bayarwa a waya ba ta isa saboda maganar tana da rassa. Shi yasa yau na ce bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya. Zan riƙa cewa "ka" amma da mata nake har da maza, asali ma mata sun fi yawa a wannan aikin nesa ba kusa ba.

Ga wanda bai sani ba, PA shi ne mataimakin likita, yana duba mara lafiya, yana rubuta magani, yana ɗinki, yana shiga tiyata ya taimaka, yana aiki tare da likita. An fara abin ne a jami'ar Duke da ke Arewacin Karolaina a 1965, wani likita Eugene Stead ya ɗauko tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa ya horar da su, rukunin farko suka fita a 1967. Yanzu makarantun sun haura 300, karatun mastas ne na kusan wata 27, in ka gama ka zauna jarabawar ƙasa ta zama PA, wato PANCE, sannan jiha ta ba ka lasisi. Albashin tsaka-tsaki ya kai wajen dala dubu 130 a shekara a ƙididdigar gwamnati ta 2023, to kaga dole mutane su yi ta rububi. 'Yan uwanmu na zango daga Gana sun san sunan tun a gida don can ma akwai PA, ana horar da su a Kintampo da wasu jami'o'i, amma dan Allah a sani takardar Gana ba ta ba ka damar zama PANCE, sai wanda ya fito daga makarantar da hukumar ARC-PA, mai tantance makarantun PA a Amurka, ta amince da ita. Haka wanda ya yi CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, a Najeriya, haka likitan da ya yi MBBS, kusan duk makarantun daga farko za su sa ka fara, ba a yafe maka ko wata ɗaya.

To abin da ya fi wahalar da mutane ba shi ne karatun PA ɗin ba, hanyar isa ƙofar ce. Kowace makaranta da nata jerin kwasa-kwasan, babu wani jeri ɗaya na ƙasa baki ɗaya. Amma in ka duba guda goma za ka ga kusan abu ɗaya suke maimaitawa: anatomi, fiziyoloji, maikurobayoloji, kemistiri na ɗaya da na biyu, bayoloji, ƙididdiga, saikoloji, sai kuma oganik kemistiri ko bayokemistiri, wasu su ce duka biyun, wasu su ƙara jenetiks da kwas ɗin kalmomin likitanci. Na kimiyyar yawanci dole da lab. Duke misali tana neman kwas biyar na fannin bayoloji, a ciki dole akwai anatomi da fiziyoloji da maikurobayoloji, sai kemistiri biyu masu lab, sai ƙididdiga ɗaya, sannan awa 1,000 na aikin kula da marasa lafiya. MEDEX, makarantar PA ta jami'ar Washington da ke Siyatul kuwa awa 2,000 take nema. In ka haɗa jerin da zai buɗe maka makarantu da dama za ka samu kiredit 40 ko ɗan sama da haka, kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas.

Ni kuskuren da na yi shi ne na ɗauka digirina na gida ya wadatar. Kimiyya na karanta, na yi maikurobayoloji na yi bayokemistiri har na gaji, na aika takarduna WES, masu tantance takardun karatun waje, suka auna kwas bayan kwas suka ce daidai yake da digirin Amurka, na ji daɗi na cike fom na biya kuɗi. Sai ga imel daga wata makaranta, layi uku kacal, wai digirin sun karɓa amma kwasa-kwasan share fage dole a ce a makarantar Amurka aka yi su, wata kuma ta ce ko da a nan na yi su sun wuce shekara goma sun mutu. Wallahi ranar a mota na karanta na kasa tayar da ita na kusan rabin awa, don shekara guda ce ta tafi da kuɗin da na tara da aikin dare. Kuma abin yana rubuce a shafinsu, ni ne ban karanta ƙananan rubutun ba. Shi yasa abu na farko da nake cewa kowa: kar ka biya kuɗin kwas ko ɗaya sai ka fitar da makarantu takwas zuwa goma da kake so, ka rubuta abin da kowace ke nema a takarda ɗaya, shekara nawa take yarda kwas ya yi, biyar ne ko bakwai ko goma ko babu iyaka, tana karɓar na komuniti kwalej, tana karɓar lab na onlayin, C take karɓa ko sai B. Wannan takardar ita za ta zaɓa maka inda za ka yi karatun, ba son ranka ba.

Wuraren da ake yin su uku ne, kuma na taɓa dukkansu ko da kaɗan ne.

Na fara da komuniti kwalej, wato kwalejin shekara biyu ta gwamnati da ke garuruwa da yawa, don ita ce mafi yawanmu za su iya. Maganar kuɗi tukuna. A Arewacin Karolaina, inda 'yan uwanmu na Nijar suke da yawa a Girinsboro, ɗan jiha yana biyan dala 76 kan kowane kiredit, kiredit 40 kenan dala 3,040. A Kalifoniya dala 46 ne, kaga 1,840. A Niyok, kwalejojin CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin, irin su Bronx Community College da Hostos, mazaunin birni yana biyan dala 210 in ya shiga a matsayin mai neman digiri, in kuma ya shiga a matsayin mai ɗaukar kwas kawai 265 ne, wato tsakanin 8,400 da 10,600. Wannan farashin 'yan shekarun nan ne, banda littattafai da kuɗin lab da ƙananan caji, kuma sai ka shekara a jihar kafin a lissafa ka a ɗan jiha, in ba haka ba kuɗin zai iya ninkawa, a Karolaina har ya fi ninki uku. Wani abin da mutane ba su sani ba, in kana da digiri ko da na gida ne ba za a ba ka tallafin Pell ba, don haka daga aljihunka ne, to bambancin dala 76 da dala 400 na wasu wuraren ba ƙaramin abu bane ga mai aika kuɗi gida duk wata.

Amma ni abin da ya fi min kuɗin ma muhimmanci shi ne lokaci da kuma girman aji. Akwai ajin dare akwai na Asabar, an tsara su ne don ma'aikata, wanda ke zaune kusa da kai direban bas ne, ta bayanka mai goyo ce. A lab ɗinmu na maikuro ba mu kai mu ashirin da biyar ba, malamar ta san sunan kowa. Ina tuna daren da muka fara rina ƙwayoyin cuta, ka shafa a gilashi ka busar a kan wuta, ka zuba shuɗin rini, ka zuba aidin, ka wanke da alkohol na 'yan daƙiƙu, sannan jan rini, in ka daɗe da alkohol ɗin komai sai ya koma ja ka kasa bambancewa. Sau uku ina ɓatawa, ta zo ta tsaya a kaina tana ƙirga min daƙiƙun da baki har na ga shuɗayen a jere kamar carbi. Ita ce daga baya ta rubuta min takardar shaida, kuma ta rubuta abin da ta gani da idonta. Makarantun PA yawanci shaida uku suke nema kuma da yawa suna son ɗaya daga malamin kimiyya, to a ajin mutum ɗari uku wa zai san ka balle ya rubuta maka?

Matsalolinta kuma ba zan ɓoye ba. Na ɗaya, ajin anatomi da fiziyoloji yana cika cikin awanni don masu son shiga nas da masu hoton ƙashi da kowa shi suke nema, in ba ka zauna gaban kwamfuta ranar da aka buɗe rajista ba sai simesta ta gaba, kuma mai ɗaukar kwas kawai shi ake bari ya yi rajista a ƙarshe a wurare da yawa. Na biyu, kwalejojin nan kwasa-kwasan aji ɗaya da aji biyu suke koyarwa, to bayokemistiri na sama da jenetiks na sama yawanci babu, in ma akwai wasu makarantun PA za su ce na ƙasa ne ba su karɓa ba. Na uku, ka yi hattara da kwas mai suna iri ɗaya amma kala biyu, akwai kemistiri na masu karanta kimiyya akwai kuma mai sauƙi na ma'aikatan lafiya, haka maikuro, mutum sai ya ɗauki mai sauƙin ya ci A yana murna ashe ba shi ake nema ba. Lambar kwas ɗin da bayaninsa za ka tura wa makarantar PA su tabbatar. Sannan anatomi da fiziyoloji a nan haɗe ake yin su kashi biyu, dole ka gama duka biyun kafin a lissafa maka ko ɗaya, kuma ka yi ƙoƙari ka yi su a kwaleji ɗaya don kowace da yadda take raba sassan jiki tsakanin kashi na farko da na biyu, kar ka tsallake ƙoda ko jijiyoyi ba ka sani ba.

Akwai maganar da ake yawan yi wai ana raina kiredit ɗin komuniti kwalej. Gaskiyar ita ce mafi yawan makarantun PA suna karɓa a rubuce, 'yan kaɗan ne ke cewa sun fi son na jami'a ko su ce wani kwas takamaimai sai a jami'a. Ni a ganina A a kwalejin unguwa ya fi B ko C a babbar jami'a, don na'ura ce ke fara tace mutane da lamba kafin ɗan adam ya buɗe fayil ɗinka.

Sai jami'a ta shekara huɗu. Nan hanya biyu ce, ko ka shiga da kanka kana tsintar kwas ɗaya-ɗaya, ko ka shiga tsararren shiri na waɗanda suka gama digiri suka dawo yin kimiyya, wanda ake ce wa fos-bak. Tsintar kwas a jami'ar gwamnati ba laifi, a manyan kwalejojin CUNY kiredit dala 305 ne ga mai neman digiri, 445 ga mai ɗaukar kwas kawai, kaga kiredit 40 ya tashi 12,200 zuwa 17,800. Abin da kake saya da ƙarin kuɗin shi ne babu makarantar da za ta ce maka ba ta karɓa, kuma akwai kwasa-kwasan sama, bayokemistiri na gaske, jenetiks, ilimin garkuwar jiki, wasu wuraren har anatomi da gawar mutum. Ga wanda GPA ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, na digirin farko ya yi ƙasa wannan yana da amfani sosai, don cin A a kwas na aji uku ko huɗu shi ne ke nuna musu cewa kai ba mutumin da ba ne. Wahalarta kuwa yawancin ajin da rana ne, lacca Litinin Laraba Juma'a, lab awa uku da yamma, ga mai aiki cikakke abin ba ya haɗuwa, kuma in ba ka duba jadawalin da kyau ba lab ɗin zai faɗo maka daidai lokacin sallar Juma'a. Malamin kuma ba lallai ya san ka ba, ɗaliban mastas ne ke kula da lab.

Tsararren fos-bak ɗin nan musamman na jami'o'i masu zaman kansu, gaskiya ban cika ba mai son PA shawararsa ba. An gina yawancinsu ne don masu son zama likita, za su sa ka yi fiziks biyu da oganik biyu saboda jarabawar MCAT, alhali yawancin makarantun PA ba sa neman fiziks, kuma anatomi da maikuro da kai kake buƙata wani lokacin ba sa cikin tsarin. Ga tsada, a Kolombiya kiredit ɗaya ya haura dala 2,000. Kana da masu ba da shawara, kana da suna, amma ka tuna makarantar PA ɗin kanta tana jiranka da kuɗin da a wurare da yawa ya kai dala dubu 100, kuma dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta rufe bashin karatun gwamnati na masu mastas da sama, wato Grad PLUS, ga sababbin masu karɓa daga Yulin 2026. Ga mu kuma da maganar riba da ke damun da yawanmu, duk dalar da ba ka ci bashinta a matakin share fage ba sauƙi ce a gaba. Wanda bai yanke tsakanin likita da PA ba kuma yana da halin biya, shi ne kaɗai nake ganin ya dace da shi.

Na uku onlayin. Akwai wurare sanannu, jami'ar New England da ke jihar Main, Doane a Nebraska, Portage Learning, MGH Institute a Boston. Kuɗin yawanci tsakanin dala 200 da 500 ne kiredit, wato ya fi kwalejin gwamnati tsada a yawancin jihohi, mutane suna ɗauka onlayin araha ne, ba haka bane. Abin da yake da shi shi ne sauri da 'yanci. Wasu kana iya farawa kusan kowane wata ba sai ka jira simesta ba, kana karatu ƙarfe biyun dare in lokacin kenan kake da shi, ga mai jego ko wanda shiftansa ke juyawa kowane sati ko wanda yake wani ƙauye da kwaleji ta yi masa nisa wannan rahama ce. Ni ma kalmomin likitanci da saikoloji a onlayin na yi su kuma babu wanda ya ce uffan. Ƙididdiga ma haka, ba ta da lab ba ta da matsala.

Inda gizo ke saƙa shi ne lab. Lokacin korona a 2020 kusan kowa ya sassauta ya karɓi lab na onlayin, daga baya wasu suka ci gaba da karɓa wasu suka koma sai na ido da ido, kuma suna canzawa daga shekara zuwa shekara. To kai da za ka nema bayan shekara biyu, kana caca ne da dokar da ba ka san yadda za ta kasance ba. Lab ɗin ma kala biyu ne, akwai na kwaikwayo a kwamfuta kana danna linzami, akwai wanda ake aiko maka da kwali gida, wasu makarantun na biyun kawai suke karɓa. Kuma dan Allah ka tambayi abin da ke cikin kwalin kafin ka biya, don na anatomi sau da yawa akwai ƙwaƙwalwar tunkiya da idon saniya da kuma ɗan tayin alade a leda, a kwalejin ma ana feɗe shi amma can da safar hannu a teburin ƙarfe ka gama ka wanke hannu ka tafi, a gida kuwa a ina za ka shimfiɗa shi, a teburin da yara ke cin abinci? Wannan ka yi shawara da malaminka da kuma mai ɗakinka tun kafin kwalin ya iso ƙofa. Ƙari a kan haka ka duba sunan da zai fito a tiranskirif ɗin, dole ya zama makaranta mai cikakkiyar amincewar hukumomin yanki, kwas ɗin Coursera ko satifiket na wani kamfani ba kiredit bane ko da kuwa jami'a ce babba ta shirya shi. Takardar shaida kuma kusan ka cire rai, malamin bai taɓa ganin fuskarka ba. Sannan onlayin yana son mutum mai iya tsare kansa, jarabawa da kyamara a kunne ana kallonka, babu abokin da zai ce maka gobe akwai tes, na san waɗanda suka biya suka bari wa'adi ya ƙare.

Kuma barin kwas ko faɗuwa ba wasa bane saboda yadda CASPA ke lissafi. CASPA ita ce ƙofa ɗaya da ake neman yawancin makarantun ta cikinta, tana buɗewa ƙarshen Afrilu, kuɗin makarantar farko dala ɗari da tamanin da 'yan kai, kowace ƙari wajen sittin. Dole ka aika mata tiranskirif na duk makarantar Amurka da ka taɓa ɗaukar ko kwas ɗaya, kuma ba ta goge faɗuwa. In ka ci D ka maimaita ka ci A, kwalejinka za ta iya share D ɗin amma CASPA duka biyun za ta haɗa. Tana fitar da GPA na gaba ɗaya da na kimiyya daban. Yawancin makarantu 3.0 suke rubutawa a matsayin mafi ƙaranci amma waɗanda ake ɗauka suna wajen 3.5 zuwa 3.6. Ga mu masu digirin waje kuma akwai wani abu, CASPA ba ta sa makin waje cikin lissafinta, to kusan kwasa-kwasan nan na kiredit 40 su ne fuskarka. Wannan alheri ne in sakamakonka na gida bai yi kyau ba, amma kuma yana nufin C ɗaya a kiredit huɗu zai ja ka ƙasa sosai. Don haka kar ka ɗauki kimiyya uku masu lab a simesta ɗaya kana aikin awa arba'in, biyu ma da ƙyar ne, na gwada uku sau ɗaya cikin azumi na sha wuya ƙwarai, da dabino a aljihu nake shiga lab ɗin dare in fita baranda in buɗe baki in dawo.

Wani abin da ke yanke hukunci tsakanin ukun nan shi ne awannin aiki da marasa lafiya, don tare za ka tara su da karatun. Awa 1,000 sati 25 ne in kana yin awa 40, awa 2,000 kusan shekara, in kuma awa 24 kake yi a sati to 2,000 ɗin sai wajen sati 83. Aikin da ake lissafawa shi ne wanda hannunka ke taɓa mara lafiya, CNA, wato mataimakin nas, a asibiti ko gidan tsofaffi, EMT, wato ma'aikacin agajin gaggawa, a motar asibiti, mai ɗibar jini, mataimaki a kilinik. Horon CNA 'yan makonni ne, EMT simesta ɗaya, kuma abin daɗin sau da yawa a komuniti kwalej ɗin nan dai ake yin su. Mutanenmu da yawa a Niyok suna aikin kula da tsofaffi a gidajensu, aiki ne mai lada, amma wasu makarantun ba sa ba shi nauyi kamar na asibiti, wasu ma ba sa lissafa shi, haka aikin rubuta wa likita bayanai ra'ayi ya bambanta a kansa. In kana wannan aikin ka yi ƙoƙari ka samu satifiket na CNA ka koma asibiti tun da wuri, a can ne ma za ka haɗu da PA ɗin da zai bari ka bi shi ka ga aiki ya kuma rubuta maka shaida. Wasu asibitocin har suna biyan wani ɓangare na kuɗin karatun ma'aikatansu, ka tambayi ofishin ma'aikata. Mai bizar ɗalibi ta F-1 kuwa lamarinsa daban ne, dole ya ɗauki kiredit 12 a simesta, kwas ɗaya kawai na onlayin ake lissafa masa a ciki, aiki kuma awa 20 a cikin makaranta, to hanyar onlayin zalla a rufe take gare shi kuma tara awanni zai yi wuya, ga shi ba duk makarantun PA ke ɗaukar ɗalibin waje ba. Ya zauna da jami'in ɗaliban waje na makarantarsa kafin komai.

To in ƙanina ne ya zo yau da digirin gida da girin kad ya ce Yaya ina zan fara, ce masa zan yi haɗawa ake yi. Kemistiri na ɗaya a simestar farko a komuniti kwalej, ba don ya fi muhimmanci ba sai don shi ne sarƙa mafi tsawo, na ɗaya sai na biyu sai oganik sai bayokemistiri, kowane yana jiran na gabansa, simesta huɗu kenan ko kana so ko ba ka so sai dai ka haɗa da zangon bazara. A gefe ya riƙa jera bayoloji, anatomi da fiziyoloji, maikuro, duk ido da ido. In jerin makarantunsa na da masu iyakar shekara biyar to ya bar anatomi da fiziyoloji zuwa tsakiya ko ƙarshe don kar su mutu in bai samu shiga a karon farko ba, kuma mutane da yawa ba sa samu a karon farko. Bayokemistiri da jenetiks ya je jami'ar gwamnati ya tsinta, kwas biyu ba za su karya shi ba. Saikoloji, ƙididdiga, kalmomin likitanci ya yi a onlayin in lokaci ya ƙure, ko a ajin onlayin na kwalejin tasa da ya fi araha. Wanda ya yi digirinsa a nan kuma kwas ɗaya ko biyu ne suka mutu ko suka rage, shi onlayin ya fi masa, sati takwas zuwa sha shida ya cike gurbin ya nema a zagayen bana maimakon ya rasa shekara, da sharaɗin makarantunsa sun yarda. Wanda kuma makinsa na baya ya lalace, jami'a da kwasa-kwasan sama, babu gajeriyar hanya.

A duba kuma ko makarantar simesta take bi ko kwata, don kiredit 4 na simesta daidai yake da 6 na kwata, mutanen jihar Washington da Oregon su lura, kwas biyu na kwata wani lokacin ba sa cika abin da ake nema sai an yi na uku. Jarabawar shiga mastas ta GRE makarantu da yawa sun daina nema, 'yan kaɗan suna neman jarabawar shiga PA ta PA-CAT, wasu za su nemi jarabawar Turanci ta TOEFL ko da da Turanci ka yi karatu tun firamare, wannan ma yana cikin abin da za ka rubuta a takardar can. Wasu suna yarda ka nema alhali kwas ɗaya ko biyu ba ka gama ba, wasu sai komai ya kammala, kuma da yawa suna duba fayil ne yadda ya iso, wanda ya tura a Mayu ya fi wanda ya tura a Satumba dama ko da wa'adin bai cika ba.

Duk abin da ka yi shakka a kai ka tura imel ga ofishin adimishan na makarantar, kar ka tsaya a waya, kar kuma ka tsaya a kan abin da wani ya faɗa a guruf ɗin WhatsApp ko ni ɗin nan. Ka rubuta sunan kwalejin, lambar kwas, yawan kiredit, lab ɗin ido da ido ne ko na gida, da shekarar da kake shirin nema, ka haɗa da takardar bayanin kwas ɗin. Yawanci suna amsawa cikin 'yan kwanaki. Amsar ka ajiye ta a wani fayil na daban, ni nawa har bugawa na yi na sa a jakar da takardun WES suke, kuma duk Afrilu in CASPA ta buɗe ka sake bi ta kan jerin naka makaranta bayan makaranta ka ga ko an canza wani abu.